Ranar da Kyaftin Ya Musulunta

Dela ta ɗauko kofuna uku daga kantar kicin kamar yadda hannunta ya saba, sai ta tuna, ta mayar da biyu. Ta zuba shayin madara a ɗayan, ta haɗa shi a faranti da burodin tamis da dafaffen waken ful ɗin da ta sayo a hanyarta daga unguwar Waziriyya, ta nufi falo.

Baba Zaharadden yana inda yake zama kullum, a teburin cin abinci ta gefen taga, cikin farar rigarsa ta Indiyawa, tabarau a kan hanci. Kujeru biyu na fuskantarsa, ya riga ya jawo su waje kaɗan kamar yadda ake yi wa mai shirin zama. Ya dubi farantin, ya dubi Dela.

"Na baƙi fa?"

"Yau babu, Baba."

"Madara ce ta ƙare?"

"Ba ta ƙare ba."

Da Larabcin Jidda suke magana, irin wanda baƙi ke yi wa juna, nasa da karin Haidarabad, nata da karin Ringim. Bai sake tambaya ba. Ya sa bayan hannu ya ture farantin gefe a hankali, ya ce wa kujerar dama wani abu da Turanci, cikin muryar mai ba da haƙuri.

Tsohon ya yi rayuwarsa yana koyar da adabin Turanci a wata makarantar 'ya'yan Indiyawa a nan Jidda. Da ya ajiye aiki, 'yarsa Sadiyya, mai aiki a kantin magani, ta riƙe shi a kan iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta ɗauki Dela ta riƙa kula da shi da rana. Matarsa ta rasu bara. Ba a daɗe da gama karɓar gaisuwa ba baƙin suka fara zuwa.

Su biyu ne. Akwai Kyaftin, wani Bature da jirginsa ya nutse, wanda ke zuwa da jiƙaƙƙiyar riga, shi ya sa Baba ke son a shimfiɗa tawul a kujerarsa. Akwai kuma wata mata da ya ke kira matar rijiya, wadda ba ta cika magana ba. Ba ya sa loma a baki sai an ajiye musu nasu. Likita ya ce tsufa ne, ya rubuta magani. Maganin ya ƙara masa barci, bai kori kowa ba. Dela ta riƙa zuba shayin, in ya huce ta juye shi a wurin wanke-wanke da bisimilla, kamar yadda kowa ke yi in zai zubar da ruwan zafi, don kada ya ƙona abin da ido ba ya gani.

Da ta yi shiru da bakinta, da haka za a ci gaba. Sai ta ba Rabi'a labari, wadda suke ɗaki ɗaya, mai sayar da turare da kayan yaji a bakin masallaci.

"Ke Dela," in ji Rabi'a, "kin baro Ringim, kin yi ɗawafi, kin sha Zamzam, kin zauna a ƙasar nan ba takarda don neman albarka, sannan ki ƙare a dafa wa aljanu shayi? Har da madara? Ko 'yan bori ai ba kullum suke yi musu hidima ba."

An yi dariya, amma maganar ta tsaya wa Dela kamar ƙayar kifi a wuya. Ba ta da ɗa, ba ta da gida a Najeriya, abin da ta tara a duniya shi ne sallarta da umararta. In shayin nan shirka ne, to ta tashi a tutar babu. Ta samu Sadiyya ta faɗa mata, ta kuma ba ta sunan Shehu Badaru na unguwar Sa'alaba, Bahaushen Sudan, wanda ake cewa ruƙiyyarsa ba duka ba ihu. Sadiyya, mai kiranta Khala, wato inna, wadda idanunta suka faɗa don gajiya, ta ce, "Khala Dela, kira shi. Ba abin da za mu rasa." Shehu ya ce a waya a daina ajiye kofunan tun da safe, zai zo bayan la'asar.

To ga shi an daina, ga ful yana sandarewa a faranti.

Da hantsi ya yi ta dawo da ƙyalle tana goge kantar littattafai, tana satar kallonsa. Ban da kurɓin ruwan da ya haɗiyi magani da shi, ba abin da ya shiga cikinsa. Mutum ne da ko da yana ci, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka.

"Hajiya Dela," ya ce, bai juyo ba. "Tsoronsu kike ji."

Ta tsaya da gugar. Akwai ranakun da hankalinsa ke washewa kamar an share gilashi, yau ga alama ɗaya ce daga cikinsu.

"Tsoron Allah nake ji, Baba."

"Miƙo mini wancan, mai shuɗin bango. Da ƙaramin nan na kusa da shi."

Ta miƙa masa. Shuɗin ya tsufa, gefen shafukansa sun yi baƙi saboda yatsu. Ƙaramin da wani rubutu ne mai kama da tufafin da aka shanya a igiya.

"Kyaftin a nan yake zaune," ya ce, ya dafa shuɗin. "Ita kuma a nan. Na karanta wa yara su har na daina ƙirga shekaru. Yaran sun girma, suna Dubai, suna Kanada. Su biyun nan ne ba su samu biza ba."

Dela ba ta yi dariya ba. A ranta ta ce, aljani ai yana shiga kwalba ma, balle littafi.

"Me suke nema a wurinka?"

Fuskarsa ta canja. Ya gyara zama, ya cire tabarau, ta ga malamin da ya taɓa zama.

"Wannan ita ce tambayar. A aji sai an yi wata guda kafin wani ya yi ta. Kyaftin ya bar mutum ɗaya a cikin ruwa alhali yana iya ceto shi, kuma ya mutu bai faɗa wa kowa ba. Mutanensa sun taso a coci, inda ake durƙusawa a faɗi laifi kafin a samu sauƙi. Shi ya sa fatalwar Bature ba ta zuwa sai da magana a baki. Kunne take nema." Ya juya ga kujerar hagu, muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Ta faɗa rijiya lokacin fari, ba a samu gawarta ba, ba a ƙona ta ba, ba wanda ya yi mata abin da addininsu ya ce a yi wa mamaci. Hanyarta ta gaba a rufe take. Shi yana yawo saboda abin da ya yi, ita saboda abin da ba a yi mata ba. Kin ga bambanci?"

"Na gani."

"Ku fa? Matattunku suna dawowa?"

"A'a. Wanda ya tafi ya tafi. Yana kabarinsa yana jiran ranar hisabi. In an ga wani abu da kamarsa, to aljani ne ya ari fuskarsa."

"Haka yake. Mu ma haka aka koya mana." Ya mayar da tabaraunsa. Ya daɗe yana kallon titi, inda wani ɗan Bangaladash ke wanke mota. "An yi wa Maryam wanka, an yi mata sutura, an sallace ta a masallacin Juma'a cike da mutane. Ba ta bar laifi ba, ba a bar mata komai ba. Don haka ba ta zuwa. Na jira, Hajiya Dela. Na san ba daidai ba ne, amma na jira. Waɗannan ne suka zo."

Wannan ne karo na farko da Dela ta ji ya ambaci sunan matarsa tun rasuwarta. Ta ce, "Allah Ya jiƙanta." Ta koma kicin ta ɗora shinkafa da miyar waken adas. Hannunta ya kai ga kofunan, ta tsaya, ta tuna Rabi'a, ta janye. Ta ɗauki wayarta da niyyar ta ce wa Shehu ya bari sai wani lokaci, ta ga ba ta san dalilin da za ta ba shi ba. Ta ajiye.

Abincin rana ya dawo kicin yadda ya fita.

Sadiyya ta nemi izini a wurin aiki, ta iso ana kiran la'asar, da farar rigar kanti a ƙarƙashin abayarta. Shehu Badaru ya biyo baya. Dogo ne, siriri, da farar jallabiya da ƙurar ɗakin ajiyar kaya na unguwar Khumra a takalminsa, domin can yake aiki da safe. Ya gaisa da Dela da Hausarsa mai nauyin Larabci.

"Hajiya, ina gajiya? Ya mai jiki?"

"Allah gafarta Malam, tun safe bai ci komai ba."

"Haka suke yi in an taɓa musu abinci. Kada ki damu."

Ya yi sallama ya shiga falo. Zai zauna a kujerar dama, Baba ya ɗaga hannu.

"Akwai mutum."

Shehu bai yi musu ba. Ya jawo wata kujera daga bango, ya zauna kusa da tsohon, ya ɗora hannu a kafaɗarsa, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da amo sosai, amma tana da sanyi. Dela tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe gefen mayafinta, tana jiran abin da ta sha gani a irin wannan zama: jijjiga, sauyin murya, faɗuwa. Ba ko ɗaya. Baba ya rufe ido, leɓunansa na bin ayoyin. Da aka zo ƙarshen Baƙara ma hawaye ne ya gangaro masa.

Shehu ya kammala karatun. Sannan ya bi tsarin da ya gada daga malamansa, ya yi tambayar da ake yi wa duk wanda aka samu a jikin mutum.

"Ku su wane ne? Ku nawa ne?"

"Su biyu ne," in ji Baba, da muryarsa ta kullum. "Ba sa jin Larabci. Zan yi tafinta."

Shehu ya ɗan dubi Dela, ya dawo. "Mene ne addininsu?"

"Shi Kirista ne. Ita Hindu."

"To ka faɗa musu ba mu zo da faɗa ba. Ina kiransu zuwa ga Musulunci. Wanda ya karɓa, an shafe masa abin da ya wuce, ya zama kamar ranar da aka haife shi."

Baba ya buɗe ido. Dela ta ga wani abu ya gitta a fuskarsa, irin na mutumin da aka miƙo wa takarda ya sa hannu, ya karanta ya gane abin da ke ciki.

"Duk abin da ya wuce?"

"Duka."

"Ko ran da aka bari a ruwa?"

"Rahamar Allah ta fi teku faɗi."

"Ita kuma ba a yi mata jana'iza ba."

"In ta musulunta, ba ta buƙatar wuta ko toka. Mu yi mata addu'a, ƙasa ta karɓe ta duk inda take."

"Abba," in ji Sadiyya a hankali, "faɗa musu mana."

Tsohon ya dubi kujerun ɗaya bayan ɗaya. Shi mutum ne da bai taɓa barin sallar asuba ba, ko a kwanakin da yake manta sunan 'yarsa. Ba zai iya tare wa kowa wannan ƙofa ba, kuma Dela ta ga ya san haka. Ya juya dama ya yi magana mai tsawo da Turanci, ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya juya hagu ya yi wata da harshensu na Indiya, gajeriya, da taushi kamar mai lallashin yarinya.

"Kyaftin ya ce ya gaji da jiƙa," ya ce. "Ita ta ce duk gidan da zai rufe ta, nan ne gidansu."

Shehu ya karanta kalmar shahada, Baba ya maimaita sau biyu, ɗaya a madadin kowa. Sadiyya ta rufe fuska da tafin hannu tana hamdala. Shehu ya tofa addu'a a ruwa ya ba shi, ya kurɓa don ladabi. Sannan Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗauke tawul ɗin daga kujerar dama, ya ninke shi, ya tura kujerun biyu ƙarƙashin tebur.

"Sun tafi," ya ce. "Musulmi ba ya yawo."

Dela ta raka Shehu zuwa bakin matakala. Ya tsaya yana sa takalmi, ya koma Hausa, ya rage murya.

"Hajiya, tsakanina da ke da Allah, babu kowa a jikin bawan Allah nan. Na jima a wannan aiki. Wanda ke da su ba ya bin Baƙara da baki yana kuka. Tsufa ne, da kewa."

"To me ya sa ka yi musu tayin Musulunci?"

"Na riga na fara, kuma 'yarsa na kallo. Na ce ko zai samu natsuwa." Ya shafa gemu. "Wataƙila da na tsaya a karatun."

"Shayin da nake zubawa fa, Malam? Rabi'a mai turare ta ce hidimar aljanu nake yi, shi ne abin da ya hana ni sukuni."

"Kin taɓa roƙonsu wani abu? Kin yi musu yanka?"

"Subhanallahi. A'a."

"To shayin da aka zuba wa kujera asarar sukari ce, ba shirka ba. Ki gaida Rabi'a, ki ce na ce ta tsaya a turarenta." Ya yi murmushi, ya sauka.

Ta tsaya a wurin har ƙarar takunsa ta ɓace. Abin da ta yi makonni tana ɗauke da shi an sauke mata da jimla ɗaya, amma ba ta ji sauƙin da ta zata ba.

Sadiyya ta fito da sauri tana gyara mayafi, wayarta na ƙara. "Khala Dela, halas, an gama. Ki ɗumama masa abinci, yanzu zai ci. Dole in koma, yalla, sai na dawo." Ta sumbaci goshin mahaifinta ta fice.

Dela ta ɗumama shinkafar. Ta kuma dafa shayi, ta zuba kofuna uku, ta kai. Baba yana zaune, hannayensa biyu a kan tebur. Ya dubi kofunan.

"Na wa?"

"Na baƙi, Baba. Malam ya ce ba laifi."

"Babu baƙi." Ya faɗe shi ba fushi, kamar mai gyara wa ɗalibi kuskure. "An yafe masa. An rufe ta. Me zai dawo da su? Ai ba su da sauran labari."

Ya ture farantin, kamar ɗazu da safe. Wannan karon bai ba kowa haƙuri ba.

Dela ta tsaya da tire a hannu. Rana ta karkata, haskenta ya faɗo ta taga a kan wuyan hannunsa, ta ga yadda agogonsa ke zamewa har kusa da gwiwar hannu. Ta san tsofaffi. Ta yi jinyar kakarta, ta ga yadda mutum ke rufe baki wata rana, ba ciwo ba komai, daga nan sai kwanaki. Likita zai sa ruwa a jijiya, Sadiyya za ta yi kuka, amma ba mai iya buɗe bakin da mai shi ya rufe. Kuma ita ce ta kawo Shehu.

Ta ajiye tiren. Tun da ta fara aiki a gidan ba ta taɓa zama a teburin nan ba, a kicin take ci, a tsaye. Ta jawo kujerar hagu ta zauna a bakinta, ta nuna kantar littattafai da haɓa.

"Baba, duk waɗannan, mutum biyu kawai ke ciki?"

Ya ci gaba da kallon kofunan. Ta ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "Da yawa."

"Masu yawo?"

"Wasu."

"Ni ban yi makaranta ba. Allo ma ban kai ko'ina ba aka cire ni." Ta jawo kofi ɗaya gabanta ta riƙe shi da hannu biyu. "Wa ya fi daɗewa yana yawo a cikinsu?"

Idanunsa suka tafi kan kantar, suna bin layi a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Suka tsaya.

"Akwai wani mai gadin gada," ya ce. "A ƙasar Turawa, can arewa, inda ake sanyi. Ruwa ya cinye gadar tun tuni, shi bai sani ba. Kullum yana tsaye da fitila yana tambayar masu wucewa ina za su."

"Laifi ya yi, ko ba a yi masa wani abu ba?"

Ya juyo ya dube ta sosai ta saman tabarau.

"Kin riƙe darasin safe."

"Na riƙe."

"Shi ba wannan ba, ba wancan ba. Shi ya sa yara ke faɗuwa a kansa a jarrabawa." Hannunsa ya motsa a kan tebur, ya sami cokali, ya ɗaga shi kamar alli. "Jawo waccan kujerar. Ba ya son zama, amma a yi masa tayi."

Dela ta miƙa hannu ta jawo kujerar dama. Ta matso da farantin gabansa ba tare da ta dube shi ba.

"Wane addini yake bi?" ta tambaya.

"Littafin bai faɗa ba."

Ta yi istigfari a zuci, ta kurɓi shayinta.

"To kada mu tambaye shi," ta ce.

Baba Zaharadden ya ɗebi shinkafa, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya nuna ta da cokalin.

"Matso gaba. 'Yan bayan aji ba sa jin komai."